Ƙara Wa Mota Sifirin: Gyara Ne Ko Gyaran Gangar Auzinawa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya a ƙasar Kalgo ta Jihar Kebbi lokacin kaka, ba zai rasa ganin wata mota a-kori-kura ta fito daga wajen fadama ba, an yi mata lodin buhunan shinkafa har sun haye kan direba, ga kuma mutane zaune a bisa buhunan. In ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta, zai tarar an jera fallayen sifirin fiye da adadin da ta fito da su daga masana'anta. Mai motar kuwa yana alfahari da haka, domin a ganinsa ya ƙara mata ƙarfi. Wannan al'ada ta zama ruwan dare a garejojin ƙasar Hausa, tun daga Birnin Kebbi da Jega har zuwa Sakkwato da Kano, kuma lokaci ya yi da za a auna ta a ma'aunin ilmin kimiyya, domin rayukan jama'a ne ke bisa waɗannan ƙarafa.

Da farko dai wajibi ne a yi wa direba da bakanike adalci. Ƙauye kamar Dangoma, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo a masarautar Gwandu, rayuwarsa ta dogara ne ga noma da kiwo, kuma amfanin gona ba ya zama kuɗi sai ya isa kasuwa. Hanyoyin da ke shiga gonaki da fadamun wannan yanki ba su san kwalta ba: da rani rairayi ne da gargada, da damina kuma laka ce da zaizayar ruwa. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, sunan jihar ya ƙara fita a fagen noman shinkafa, kayan da ake buƙatar fitarwa daga fadama suka ƙaru. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sai kowane sawu ya ƙara tsada, direba ya ga babu abin da ya fi masa sauƙi illa ya haɗe sawu biyu ya mai da su ɗaya. Saboda haka buƙatar mota mai jure wahala buƙata ce ta gaskiya. Abin tambaya shi ne ko hanyar da ake bi wajen biyan buƙatar daidai take.

Yadda abin yake aiki

Tsakanin jikin mota da ƙasa akwai abubuwa huɗu da ke aiki tare: taya, da aksul, da sifirin, da shokazoba. Aksul shi ne ƙarfen da ya haɗa ƙafafu biyu, kuma a motoci masu ja da ƙafa huɗu akwai guda a gaba, guda a baya, kowanne yana karɓar ƙarfin inji. Sifirin yana ɗauke da nauyin jikin mota da kayanta, yana lanƙwasa in ƙafa ta hau tudu ko ta faɗa rami. Shokazoba kuwa ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa shi ne ya kashe rawar da sifirin ke yi bayan an daki rami, ta hanyar tura mai cikin ƙananan ƙofofi, ya mai da wannan motsi ya zama zafi.

Wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Robert Hooke ne ya bayyana ƙa'idar sifirin a shekarar 1678: gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, gwargwadon lanƙwasar da zai yi, matuƙar ba a wuce iyakarsa ba. Ga sifirin mai fallaye, taurinsa yana ƙaruwa daidai da yawan fallayen. In mai falle 5 masu kauri ɗaya ne aka ƙara masa 2, taurinsa ya ƙaru da wajen kashi 40 cikin 100. Kauri kuwa ya fi haka tasiri, domin ana ninka shi sau uku ne a lissafi: falle mai kaurin milimita 10 ya kusa ninka taurin mai milimita 8. Ke nan bakaniken da ya ɗauko fallen babbar mota ya cusa a cikin na a-kori-kura ya sauya halin motar fiye da yadda yake zato.

Abin da ƙarin falle ke yi, ashe, guda ɗaya ne tak: yana hana gindin mota zama ƙasa. To amma zaman nan da gindin mota ke yi shi ne alamar da take ba mai ita cewa kaya sun yi yawa. Hausawa sun ce jiki magayi. Wanda ya ƙara falle domin ya ƙara lodi ya toshe wa motarsa baki ne kawai, nauyin kuwa yana nan, yana bi ta kan sauran ƙarafan da ba a taɓa ba.

Inda nauyin ke sauka

Wuri na farko shi ne aksul. Aksul na baya iri biyu ne. A iri na farko, wanda ke cikin yawancin ƙananan a-kori-kura irin su Toyota Hilux, sandar ƙarfen da ke juya ƙafa ita ce kuma ke ɗauke da nauyin motar a kan boris guda. A iri na biyu, wanda ake samu a manyan motoci da wasu samfuran Land Cruiser masu ɗaukar kaya, kwanson aksul ne ke ɗauke da nauyi a kan boris biyu, sandar kuma juya ƙafa kaɗai take yi. Bambancin yana bayyana ranar da sanda ta karye. A iri na biyu mota za ta rasa ja a wannan ƙafa, amma ƙafar tana nan daram. A iri na farko kuwa ƙafar na iya ficewa gaba ɗaya da gangar birkinta, mota tana cikin tafiya. Sandar ba ta karyewa rana ɗaya: a kowane juyi na ƙafa nauyi yana lanƙwasa ta gefe ɗaya sa'an nan ɗaya gefen, har wata 'yar tsaga da ido ba ya gani ta soma, ta yi ta girma, ta ƙarasa a ranar da ba a zata ba. Masana ƙarfe suna kiran wannan gajiyar ƙarfe.

Yadda aka jera kaya ma yana da nasa hukunci. A ɗauki mota mai tazarar mita 3 tsakanin aksul na gaba da na baya. In aka saukar da ƙofar baya aka ɗora kilo 300 a nisan mita 1 bayan aksul, to aksul na baya zai ji kilo 400 ne, na gaba kuma ya rasa kilo 100. Ƙafafun gaba su ne na sitiyari, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki, saboda haka rage musu nauyi rage wa direba iko ne da motarsa. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake ganin shasin wasu a-kori-kura ya lanƙwashe a daidai bayan kan direba.

Wuri na biyu shi ne birki. Aikin birki shi ne ya mai da ƙarfin gudu ya zama zafi, kuma wannan ƙarfi yana tafiya da nauyi. Motar da ita kanta tan 2 ce, aka ƙayyade mata kayan tan 1, in aka loda mata tan 2 da rabi ta tashi daga tan 3 zuwa tan 4 da rabi, watau birkin zai sha zafin da ya ƙaru da rabi a kowane taki. In kuma aka ninka gudu, zafin ninkuwa yake yi sau huɗu. Akwai kuma wata illa da ba kowane bakanike ya lura da ita ba. Yawancin tsofaffin a-kori-kura da ba su da birki mai sarrafa kansa da lantarki suna da wata 'yar na'ura a baya, wadda aka haɗa da aksul da siririn ƙarfe. Tana auna yadda gindin mota ya zauna, ta ƙara wa birkin baya ƙarfi in kaya sun yi nauyi. Da zarar an ƙara falle ko an ɗaga mota ba tare da an sake saita ta ba, sai ta riƙa ɗaukar motar a matsayin fanko alhali tana cike, ta hana birkin baya ƙarfin da yake buƙata a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Wuri na uku shi ne taya. A gefen kowace taya akwai lamba da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka: lamba 100 tana nufin kilo 800, lamba 104 kilo 900, lamba 112 kilo 1,120. Tayar da aka wuce wa iyaka lanƙwasa take yi fiye da ƙima, ta ɗauki zafi, kuma a zafin watan Afrilu na ƙasar Kebbi ba ta da nisa da fashewa.

Ɗaga mota da manyan tayoyi

Wasu masu motoci, musamman ma'aikatu da ƙungiyoyin da ke shiga ƙauyuka, ba lodi ne damuwarsu ba. So suke mota ta yi tsawo domin kada cikinta ya taɓa ƙasa. A nan ma akwai abin lura. A mota mai aksul na sanda guda, wurin da ya fi kusa da ƙasa shi ne ƙullutun tsakiyar aksul, inda haƙoran raba ƙarfi suke. Ɗaga sifirin jiki kawai yake ɗagawa, wannan ƙullutu yana nan inda yake. Babbar taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Ita kuma babbar taya tana da nata farashi. Wanda ya cire mai tsawon inci 30 ya sa mai inci 33 ya sami ƙarin inci ɗaya da rabi ne daga ƙasa, amma ya ƙara wa sandar aksul murɗar da ta kai kashi 10 cikin 100 kafin ta yi ja irin na da, ya rage wa birki kaifi, agogon gudu kuma zai nuna masa 80 yana kan 88.

Mafi haɗari duka shi ne kifewa. Masana suna auna tsayuwar mota ta hanyar raba faɗin da ke tsakanin ƙafafunta da ninki biyu na tsawon cibiyar nauyinta daga ƙasa. Mota mai faɗin mita 1.5 da cibiyar nauyi a mita 0.7, a lissafi sai ta karkata wajen digiri 47 kafin ta kife. In ɗagawa da lodin sama suka kai cibiyar mita 1, sai adadin ya sauko wajen digiri 37. A zahiri ma bai kai haka ba, domin taya da sifirin suna ba da kai, kaya suna gocewa, gefen hanyar fadama kuma yana iya ruftawa. Waɗanda ke zaune bisa buhuna, galibinsu leburori da mata masu zuwa kasuwa, su ne farkon waɗanda abin ke rutsawa da su, kuma ba da su aka yi shawarar ƙara falle ba.

Hujjar masu yi

Masu wannan sana'a suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce an shekara da shekaru ana yi, motocin kuma suna nan suna aiki. Gaskiya ne injiniyoyi sukan bar rara a kan kowane ƙarfe, amma an bar wannan rara ne domin ramin da za a faɗa ba shiri, da tsufan ƙarfe, da kuskuren direba. Wanda ya cinye ta da lodi ya shiga hanya ba shi da abin da zai tare ranar tsautsayi. Motar da ta yi sawu ɗari lafiya ba shaida ba ce cewa sandarta ba ta tsage ba.

Sukan kuma ce Turawan da suka ƙera motocin ba su san hanyoyin nan ba. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. An fito da Land Rover a 1948 domin aikin gona ne. Toyota ta soma ƙera motar da ta zama Land Cruiser a 1951, samfurin 70 da ya fito a 1984 kuwa an yi shi ne musamman domin wuraren da babu kwalta. Peugeot 504 da aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975 ta yi suna a Afirka ne saboda dogon zangon da ƙafafunta ke da shi na hawa da sauka a kan gargada. Abin koyi a nan shi ne, a mummunar hanya laushi da dogon zango su ne ke riƙe taya a ƙasa, kuma tayar da ke ƙasa ita kaɗai ce ke ja, ke juyawa, ke tsayawa. Sifirin da ya yi tauri fiye da ƙima yana sa motar da babu kaya ta riƙa tsalle a kan gargada, ya aika kowane duka kai tsaye zuwa shasi da boris.

Hujja ta uku ita ce ta kuɗi, ita ce kuma mafi nauyi. Sai dai lissafin sawu guda ba shi ne lissafin shekara ba. In aka haɗa kuɗin taya da boris da sanda, da kwanakin da mota za ta yi a gareji ana tsakiyar kaka, da shinkafar da za ta kwana a daji, ribar da aka ci ta hanyar haɗe sawu takan koma inda ta fito. Garin neman gira kada a rasa ido. Bayan haka akwai asarar da jama'a duka ke biya. Wani babban gwaji da aka yi a Ottawa ta Jihar Illinois a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ɓarnar da aksul ke yi wa hanyar kwalta tana ƙaruwa kusan sau 16 in aka ninka nauyinsa. Manyan motoci ne suka fi shiga wannan hukunci, amma darasin ɗaya ne: lodin da ya wuce ƙima yana cikin abubuwan da ke kashe hanyar da ake kuka da ita.

Gyaran da ya dace

Duk wannan ba ya nufin kada a taɓa mota. Ƙarfafa ƙafafun mota abu ne mai kyau in an yi shi domin ta jure hanya da nauyin da aka ƙayyade mata, wanda ke rubuce a ɗan allon ƙarfe ko takardar da masana'anta ta manna a jikinta. Sifirin da ya gaji a sauya shi da saiti cikakke na wannan samfuri, dama da hagu lokaci guda. A sa shokazoba mai kyau da ya dace da shi, domin a hanyar gargada shi ne ya fi shan wahala, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Ƙarafan da ke ɗaure sifirin da aksul a sa sababbi duk lokacin da aka kwance su, a sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki. In mota ta ratsa ruwa mai zurfi da damina, a duba man aksul. In ya koma fari kamar madara ruwa ya shiga, a zubar da shi.

Haka kuma kada a kusantar da wutar walda ga sifirin. Maƙeran ƙasar Hausa, waɗanda ke ƙera adda da gatari da tsohon sifirin, sun fi kowa sanin cewa ƙarfe yana samun halinsa ne daga yadda aka gasa shi da yadda aka sanyaya shi. Fallen da aka gasa domin a dawo masa da lanƙwasa, ko aka like da walda, ya rasa wannan hali, kuma a nan zai karye. Wanda zai sauya aksul gaba ɗaya da na gwanjo kuwa, lalle ne ya tabbata lissafin haƙoransa daidai yake da na ɗaya aksul ɗin, in ba haka ba gaba da baya za su riƙa jayayya da juna da zarar an sa ƙafa huɗu. Saboda irin wannan dalili ne ma ake cire ƙafa huɗu in an hau busasshiyar kwalta a motocin da ba a yi su domin haka ba. A cikin rairayi kuma, rage wa taya iska kaɗan, a mayar bayan an fita, ya fi ɗaga mota amfani, kuma ba ya cin ko kwabo.

Nauyin da ke kan makarantu da hukuma

Bakaniken gareji ya koyi aikinsa ne da ido da hannu a wurin maigidansa, kuma basirar da yake nunawa wajen rayar da motar da ta shekara talatin abin yabo ce. Abin da ya rasa shi ne lissafin da ke bayan ƙarfen, wannan kuwa yana nan jibge a makarantu. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda mazauninta ke ƙasar Kalgo. Kamata ya yi waɗannan makarantu su riƙa shirya gajerun darussa cikin harshen Hausa ga bakanikai da direbobi, tare da haɗin gwiwar ƙungiyoyinsu, a lokacin da aiki ya yi sauƙi. Ɗalibin injiniya da ke neman aikin kammala karatu zai iya auna nauyin da kowane aksul ke ɗauka a ranar kasuwa, ya tattara karyayyun sanduna ya binciki inda tsagarsu ta soma. Irin wannan ilmi zai fi amfanar Dangoma da Gayi fiye da kundin da zai kwanta a kanta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, su ma ya dace su fara da wayar da kai da sanya sikeli a manyan kasuwannin hatsi, domin direba ya san abin da ya ɗauka kafin a yi maganar tara. Su kuma ƙananan hukumomi su sani cewa kwalbati guda da aka gina a inda ruwa ke yanke hanya, da burjin da aka zuba kafin damina, sun fi fallayen sifirin dubu rage wahalar manomi.

Kafin duk wannan ya samu, mai mota yana da abin da ke hannunsa tun yau. Ya nemi allon nan da ke jikin motarsa ya karanta, ya ƙirga buhunansa da mutanen da ya ɗauka, in sun wuce ya yi sawu biyu. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.